Rasuwar Hajiya 'Yar Jidda da Rabon Gadonta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai huce ba, Malam Nasidi tela na Ƙaura Namoda yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda duk unguwa ta sani da Hajiya. Ta rasu ranar kasuwar Shinkafi da hantsi, mai ita ba ya gida. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, ba kuma wutar gari ba. Mubashir ne, mijin ƙanwarsa Saude.

Marigayiyar haifaffiyar Jidda ce. A can Nasidi ya saye ta lokacin da yake zaman ɗinki, ita ke riƙe masa zanen aikin wuya, ita ce kuma abokiyar hirarsa a ƙasar da ba shi da kowa. Baiwar Allah ce marar tsirfa. In an kunna ta sai ta ce ƙit, fankarta ta ɗauki wuuu, ta kama aiki. Wutar Saudiyya sau sittin take bugawa a daƙiƙa, tamu sau hamsin. Hajiya ta sha waccan shekara da shekaru, ta zo gida ta sha wannan, har da ta janaretan maƙwabta mai tari, ba ta taɓa ko atishawa ba. A bayanta ma an rubuta 50/60 ƙuru-ƙuru, don amfanin mai ido.

Amma ba zanen riga ne ya sa Nasidi ya kasa cin abinci ba. Mahaifiyarsa, Inna Ladidi ta Zurmi, ta rasu yana can, bai samu jana'izarta ba. Kafin rasuwarta takan aiko masa da murya ta wayar Saude, shi kuma ya kwashe ya adana a cikin Hajiya. Wayar Saude 'yan bindiga sun karɓe ta a hanyar Zurmi, tasa kuwa ta daɗe da mutuwa. Saboda haka duk duniya Hajiya kaɗai ke iya buɗe baki ta ce, “Nasidi, kana cin tuwo kuwa can? Ka taho gida hakanan, mu gan ka.” Kullum bayan Asuba sai ya saurara kafin ya hau keken ɗinki.

Ciwon ajali ya shigo gidan ne da ƙafafu biyu da hula a karkace. Mubashir, wanda ko fitilar hannu bai taɓa gyarawa ba, ya ji a wani bidiyo cewa wutar ƙasashe ta bambanta, shi ke nan ya zama injiniya. Ya dage cewa Hajiya na zaune da yunwa, wai kullum ana tauye mata goma, sai an daidaita ta da wutar gida. Nasidi ya nuna masa rubutun bayanta, ya roƙe shi da girman Allah ya bar ta. Mubashir ya yi murmushin nan nasa na wanda ya fi kowa sani. Da ya tabbatar mai gida ya tafi sayen yadi, sai ya zo da makullin babur ya tura ɗan jan makunnin da ke bayanta daga 230 zuwa 115. Makunnin nan ba ruwansa da hamsin ko sittin, na ƙarfin wuta ne. Wato ya gaya mata rabin wuta ke zuwa, ita kuwa mai yarda da mutane ta buɗe baki, aka ɗura mata duka. Kalmarta ta ƙarshe ita ce tau, sai hayaƙi da ƙauri. Da Nasidi ya dawo, Mubashir ko kunya babu ya ce ai dama kwananta ne ya ƙare.

Ta rasu ta bar allo mai baƙar fuska, da linzami maraya, da lasifika biyu da suka yi gum. Ta bar faifan ajiyar da ke cikinta rai a hannun Allah, an naɗe shi a sabon yadi an kai Gusau, inda mai gyara ya ce ba ya alkawarin komai. Nasidi ya tsani jin wannan magana, amma da ita yake kwana, da ita yake tashi.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar shago ranar Juma'a bayan La'asar. Ba a bukatar shawarar kowa a kan wuta. Daga nan za a ɗora gawar bisa kabad a lulluɓe, babu mai gwangwan mai sayen tsohon ƙarfe da zai taɓa ta har sai labari ya zo daga Gusau. Saude tana iya zuwa, gidansu ne. Mubashir kada ya wahalar da babur ɗinsa, an riga an raba gado, kuma ba a manta da shi ba. Nasidi ya ɓalle jan makunnin da hannunsa, ya ƙulle a leda, za a kai wa Mubashir har gida. Ya ajiye da kyau. Ranar da 'ya'yansa da Saude suka tambayi yadda muryar kakarsu take, sai ya ɗauko ya kunna musu.