Yadda Ake Toshe Kunne da Sunan Neman Natsuwa

A shekarar 1979 aka fara sayar da 'yar na'urar da mutum zai ji kiɗa shi kaɗai yana tafe. Kafin nan, magidancin da ba ya son sauraron iyalinsa sai ya bar gidan. Yau daga kan kujera ake yi. Na nazarci fannin a wajen gwaninsa, wato mijin 'yata, akanta ne mai aikin lissafin kuɗi. Wanda ya bi tafarkinsa, na lamunce masa ba zai ƙara jin ƙorafi ba.

1. Fake da likitoci

Kada ka ce waƙa kake ji. Ka ce bincike ya nuna kiɗa na kwantar da hankali, yana tattara tunani. Gaskiya ne kuwa, shi ya sa ba mai ƙaryata ka. Ba sai ka karanta binciken ba. Surukina ma bai karanta ba.

2. Toshe duka biyun

Iyafis a kunne ɗaya aikin ɗan koyo ne. Ta ɗayan labarin fashewar famfo da zazzaɓin yaro suke shigowa.

3. Haɗe gira

Buɗe kwamfuta a falo, ka tsura mata ido. Ko ba komai a kanta, ba mai leƙowa.

4. Gyaɗa kai

Nan gwanintar take. Duk bakin da ka ga yana motsi, gyaɗa masa kai, mai shi zai tafi. Haka 'yata ta tsaya gaban gwanin, akwati a hannu.

"Baban yara, magana fa nake yi."

Ya gyaɗa.

"Na gaji da hira da bango. Gidanmu zan koma."

Ya gyaɗa, har da ɗaga mata babban yatsa.

5. Kula da caji

A nan surukina ya yi sake. Da cajin ya ƙare, shirun gidan ya firgita shi. Ya iso wurina yana haki, wayar iyafis na lilo a wuyansa.

"Baba, wallahi ba ta gaya mini ba."

"Ta gaya maka, ɗana. Ka kuma amince. Jikokina shaida ne."

Gargaɗi: marubucin ba shi da alhakin aure, aiki ko mutuncin da ya salwanta ta wannan hanya. Kiɗan ma ba shi da laifi.

'Yata na nan a ɗakinta na da. Jiya mijin ya zo ba ta haƙuri, ya yi jawabi mai tsawo. Ta zauna har ya gama, iyafis a kunnuwa biyu, tana gyaɗa kai.