Kwamandan Ƙanƙara na Bron

A kauce, a ba da hanya, ga Alhaji Illiassou na unguwar Bron, Kwamandan Ƙanƙara, gwanin sanyi ɗan Damagaram. Tun da aka haife shi bai san ƙanƙara ba sai a cikin zoɓo, amma yau shi ke koya wa Turawa yadda ake tafiya a kanta. Shadda da turare yake sayarwa. Keke kuwa likita ne ya ɗora shi a kai saboda tumbi, ko da yake shi cewa yake yi ya hau ne don ya ceci duniya daga hayaƙi.

Abu guda ke ransa: kujerar shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Nijar mazauna Lyon. Abokin takararsa Mounkaila ne, mai sayar da wayoyi, wanda duk yaƙin neman zaɓensa bai wuce dafa shayi ba. Alhaji ya ga wannan ba takara ba ce, raini ne. Sai ya miƙe a taro, ya gyara hula.

"Bon. Shugaba shi ne wanda ranar da bas ya tsaya, jirgin tiram na cikin gari ya tsaya, shi bai tsaya ba. Ku jira ranar ƙanƙara, ku ga wa zai iso gare ku."

Muka ce to, mun ji, ranar za ta raba gardama.

Daga nan ya ce kekensa sai tayoyi masu ƙusa. Na Lyon ba su yi masa ba, wai kayan ƙauye ne, sai da ya hau jirgin ƙasa har Paris. Mai shagon ya fito masa da iri biyu. Ga mai 'yan ƙusoshi kaɗan, ta cikin gari, inda ƙanƙara ke leƙowa ta koma. Ga kuma mai ƙusoshi layi-layi kamar bayan bushiya, ta ƙasashen da ake hawa keke a kan daskararren tafki. Alhaji ya duba su yadda yake duba shadda. Ya murza, ya auna nauyi a hannu, ya ɗaga wajen haske, har da shinshinawa. Ya ɗauki mai nauyin, don a iliminsa abu mara nauyi jabu ne. Faɗinta ma ya fi ƙarfin keken, sai da aka cire abin tare taɓo kafin ta shiga. Ya ce ai dama abin yana rage wa keke kwarjini.

An gaya masa ya fara yawo da su a hankali a kan busasshiyar kwalta don ƙusoshin su zauna. To, nan aka ba kura ajiyar nama. Daga Bron har Vaulx-en-Velin babu wanda bai ji shi ba: caccac-caccac, kamar ana tuyar ƙosai a kan titi. Kafin ya karyo kwana mata sun gyara mayafi, mu kuma mun shirya kunne, don in ya tsaya sai lacca.

"Ku taɓa nan. Wannan ƙusa ba ta san zamewa ba. Ku da kuke tafiya da taya mai sanƙo, rayuwarku a hannun sa'a take."

Sai dai sanyin ya zo da rashin kunya. Ruwa, hazo, ruwa, hazo, ƙanƙara ko ta magani. Da yake makullin ɗakin taron a aljihun Alhaji yake, sai zaɓe ya kama ciwon ɗagewa. Yau ɗakin na buƙatar shara, gobe tsarin mulki na buƙatar nazari. Har wajen Malam, limaminmu, ya je neman a sa mu a addu'a, Allah ya sauko da dusar ƙanƙara. Malam ya ce shi roƙon ruwa ya gada, wannan kuwa bai taɓa ganin babinsa ba.

Ana nan, wata Lahadi aka wayi gari titi yana sheƙi kamar madubi. Bas ya tsaya. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Alhaji ya buga waya gida-gida: yau zaɓe.

Ya ci ado. Babbar riga fara ƙal, hula ta zauna, sai takalmin fata na salla, wanda ƙasansa ya fi sabulu santsi. Matarsa, Hajiya Raliatou, ta miƙo masa takalmin sanyi mai kaushi. Ya dube ta da tausayi.

"Hajiya, shugaba ba ya shiga taro da takalmin lebura. Ni a kan ƙusa nake, ba a kan ƙafa ba."

A faɗi gaskiya ko don Allah: tayoyin sun yi aiki. Motoci na rawa, mutane na dafa bango, Alhaji yana ratsawa a miƙe, riga na kaɗawa, bayanta duk fesin taɓo. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne jirgin metiro a ƙarƙashin ƙasa yake tafiya, babu ruwansa da sama. Mu duka mun riga shi zuwa. Muna tsaye a bakin ƙofa, haƙora na kaɗawa, muna jiran makulli. Mounkaila na zagawa da shayi.

Alhaji ya hango jama'a ya ƙara wuta. Ya zaro makulli ya ɗaga sama, ya ja birki a gabanmu. Keke ya tsaya cak, abin sha'awa. Sannan ya sauke ƙafa.

Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Takalmi ya yi gabas, hula ta yi yamma, babbar riga ta rufe Kwamanda ruf. Makullin kuwa ya sulale a kan ƙanƙara, salin-alin, har gaban Mounkaila. Ya duƙa ya ɗauka, ya buɗe mana ƙofa, ya sa a aljihu. Har yau yana can.

Aka yi zaɓe da ɗaga hannu. Ko ƙuri'ar kansa Alhaji bai samu ba, don hannayen biyu suna riƙe da ƙugu.

Da za a watse na matsa kusa da shi, na ladabta murya, na ce, "Kawu, sannu. Ko a koma Paris a sa wa takalmin ƙusa?"

Ko kallona bai yi ba.

"Taya ba ta zame ba," in ji shi. "Miƙo min hulata."