Murar Mai Girma Ta Iso Roni

Yau da hantsi na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni: na tsaya a ƙofar gidana na hana babban mutum shiga. Kafin ku ce Lauwali tela ya zautu, ku ji yadda aka yi.

Mahaifiyata, Inna Dela, ta haura tamanin, ƙirjinta kuma ba ƙwari. Bara mura ta kwantar da ita har muka fara kiran dangi. Da sanyin bana ya shigo, Sista Helen, malamar asibitin da ke haya a layinmu, ta tare ni a shago.

"Malam Lauwali, murar da ake yi yanzu ba ta yoyon hanci kawai ba ce," in ji ta. "Farat ɗaya take zuwa, da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da busasshen tari. Kai za ka yi mako guda ka miƙe. Inna kuwa, kada ka bari mai tari ya raɓe ta."

Shi ya sa da na ji wai Kwamitin Yaƙi da Mura zai raba takunkumin rufe hanci da sabulu kyauta a Kazaure, na rufe shago ran Litinin na hau acaɓa.

Allah Ya saka wa manya da alheri, sun yi tsari. An tara mu, mutanen Babura da Gwiwa da namu na Roni, an zuba mu a ɗaki ɗaya, an rufe tagogi saboda na'urar sanyaya ɗaki, wadda ba ta aiki. Awa uku muna zaune gwiwa da gwiwa, kowa na tari a ƙeyar na gabansa. A bango an manna takarda mai kyau, an rubuta: Ku Guji Cunkoso.

Daga nan aka ƙaddamar da bokitin wanke hannu mai famfo. An ɗaure shi da ƙyalle, aka yanka, aka tafa. Da aka murɗa famfon ba ruwa, sai wani mai hikima ya fasa ledar ruwa ɗaya a ciki don a samu hoto. Ana gamawa aka mayar da bokitin bayan mota, don washegari za a ƙaddamar da shi a wani garin.

Sai Mai Girma Uban Taro ya miƙe, ido jawur, murya a dushe. Ya yi atishawa uku a tafin hannunsa, muka yi masa addu'a baki ɗaya. Sannan ya ce shi mutumin jama'a ne, da hannunsa zai miƙa wa kowa takunkumi, ya kuma gaisa da kowa.

To, jama'a, wa zai ƙi hannun babba a ƙasar nan? Hannu bibbiyu na sa, na rusuna, har na shafa fuska don neman albarka. Na samu takunkumi ɗaya mai hotonsa. Sabulu kuwa an ce yana hanya.

Ran Laraba na kasa taka keken ɗinki. Sista Helen ta gwada jinina, ba maleriya.

"Ita ce," in ji ta. "Farasitamol, ruwa da yawa, kunu mai zafi, ka kwanta. Kada ka je ka sayo kafso, ba ya yi wa wannan komai. In numfashi ya fara yi maka wuya, asibiti kai tsaye. Kofinka daban, kuma ka yi nesa da Inna."

Matata Saude ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, kusa da buhunan gyaɗa. Kwana huɗu ke nan. Inna, da ba ta faɗin sunana saboda ni ne ɗan fari, sai ta ɗaga murya daga ɗaki: "Kai mai zaure, ka sha kunun?" Duk tarin da na ji daga cikin gida sai gabana ya faɗi, har sai Saude ta ce nata ne, hayaƙin murhu ne. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Yau sai ga motoci. Kwamiti na bi gida-gida don ganin nasarar da aka samu, an kuma gaya musu Inna ce mafi tsufa a unguwa. Mai Girma zai ɗaura mata takunkumi da kansa, a ɗauki hoto. Mutum goma sha ɗaya na biye da shi, rabinsu na jan hanci.

Na miƙe da bargona na cika ƙofa.

"Ranka ya daɗe, Inna tana gaisuwa, amma ba ta ganin baƙi."

"Kai malam, ka san da wa kake magana?" in ji mai riƙe masa jaka.

"Na sani mana. Ai tsarabarsa ce a jikina tun Litinin."

Sai atishawa ta taso mini. Na sa ta a gwiwar hannu kamar yadda Sista ta koya mini, amma ta yi ƙara. Ban taɓa ganin manyan riguna sun shige mota da sauri haka ba. Mai Girma da kansa ya ce ta gilashi, "A guji cunkoso!" Aka tafa masa.

Inna dai lafiyarta ƙalau, yanzu ma ina jiyo ta tana yi wa kaji faɗa. Ni kuwa ba na ƙorafi. Shekarata hamsin da biyu, wannan ne karo na farko da abu ya fito daga hannun manya ya iso gare ni cikakke, ba wanda ya gutsuri komai a hanya.