Faifai Mai Gurnani

Indo ƙawata, aje tsintsiyar nan ki matso ki ji. Wani ne ɗan adaidaita sahu, bai daɗe da tarewa a Gyadi-Gyadi ba. Ya je Tarauni ya sayo na'urar kallon faifai ta hannu, da lasifiku jibga-jibga kamar akwatunan lefe. Mai shagon, wani Chike, ya ɗora masa faifan fim ɗin Turawa guda a matsayin gyara.

Shi kuwa bawan Allahn nan akwai abin da ke cin ransa. Bara aka kawo wuta mai ƙarfi, rediyonsa ta yi gurnani, ta yi hayaƙi, ta mutu a gabansa. Tun daga ranar ya riƙe karatu ɗaya: kayan wuta in ya fara gurnani, to ajalinsa ya zo.

Bayan la'asar ya tara maƙwabta, aka shimfiɗa tabarma, ya yi bisimilla ya sa faifai. Talabijin ta yi baƙi ƙirin. Sai wani sauti ya taso can ƙasa kamar taron ƙudan zuma, yana kumbura, yana kumbura, taga na rawa, wasu haruffan azurfa na juyawa a hankali. Ai kafin su tsaya, gogan naki ya tsallake baƙi biyu da butar shayi ya fizge waya daga bango.

"Alhamdu lillahi," in ji shi yana haki, "na riga ta."

Aka jira wai wutar ta huce, aka sake sawa. Gurnani, fizgewa. Gurnani, fizgewa. Har aka kira magariba ba wanda ya ga komai sai rabin harafi. Malam Shehu maƙwabcinsa ya saka takalmi, ya ce fim ɗin ba laifi, sai dai ya cika gajarta.

Washegari ya sayo sitabilaiza. Gurnani. Ya aro janareto. Gurnani. Ya ce lallai wutar nan da shi take, tunda ta biyo shi har cikin janareton mutane.

Ya kinkimi kaya ya koma wa Chike yana huci. Chike ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce masa ba wuta ba ce, tambarin kamfanin da ya haɗa sautin fim ɗin ne, sallama ce suke yi kafin a fara. In ya daure ta wuce, fim na nan a bayanta. Mutumin ya ce shi dai a garinsu kura ce kaɗai ke sallama da gurnani, amma zai gwada.

Ran Juma'a ya sake tara jama'a. Ya roƙi Malam Shehu ya riƙe masa hannu biyu, komai ya ce kada ya sake shi. Sauti ya taso. Mutumin na zufa, yana salati, yana kiciniya. Haruffa suka haɗu, suka yi walƙiya, sauti ya kai maƙura.

Ɗif. Aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, injin markaɗen bakin layi ya yi shiru, ana jiyo mai walda yana tsaki.

Mutumin ya leƙa waje, ya duba gabas ya duba yamma, ya dawo a hankali ya sa sakata. Ya rage murya ya ce:

"Malam, don girman Allah maganar nan ta mutu a ɗakin nan. Kada kowa ya ji mu ne muka ƙona taransifomar Gyadi-Gyadi."