Ramin da Na Raɗa wa Sunan Yaya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da ranar da na tsaya gaban iyaye da malamai, ga faranti cike da toka a gabana, na shara ƙarya a kan duniyar wata. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin, a makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo da ke kusa da Tsanyawa. Ni ce yarinyar nan ta bencin ƙarshe jikin taga, wadda sai malami ya kira sunanta sau biyu kafin ya ji "na'am".

Abin ya faro ne daga darasin Malama Binta, mai koya mana kimiyya. Ta zo da babban hoton farin wata ta manna a allo. Ashe fuskar nan da muke gani sumul duk ramuka ce, kamar tsakar gida bayan yayyafi. Ta ce duwatsu ne ke faɗowa daga sararin samaniya su haƙa su. Manyan suna da faɗi, wasu har da tudu a tsakiya. Ƙananan kuwa kamar ƙwarya suke, a zagaye, bakinsu ya ɗan tashi, sababbin cikinsu ma ana ganin farar ƙasar da ta fantsama a gefe.

"Kuma can babu ruwan sama, babu iska," in ji ta. "Ramin da ya samu tun kafin a haifi kakan kakanku yana nan yadda yake."

Sai ta shiga maganar sunaye. Manyan ramuka sunayen masana da suka rasu ake ba su. Ƙananan galibi ba su da na kansu, sai a ɗauki sunan babban ramin da ke kusa a ƙara masa harafi. ("Kamar yadda ake ce muku 'yar gidan Malam wane," ta ce, aka yi dariya.) Amma akwai 'yan kaɗan da aka ba su sunan yanka irin na kowa da kowa, ba na wani shahararre ba.

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta biyo ni har gida.

Yayata ta rasu a daminar da ta gabata. Zazzaɓi ne, kwana huɗu. Mata ba sa zuwa maƙabarta a garinmu, kuma ba a sa wa kabari alama, don haka ban san inda aka kwantar da ita ba. Na taɓa tambayar Baba, ya ce wajen gabas, kusa da darbejiya. Da na sake tambaya bayan damina, ya ce ruwa ya daidaita wajen, addu'a ce dai take isa ko'ina.

Sunanta ma haka ya ɓace. Ita ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa faɗarsa ba, ko da wasa. "Ta Gwaggo" take ce mata, don Gwaggo ce ta yaye ta. Ni kuma Yaya nake cewa. Sunan yankan, Murjanatu, a makaranta kaɗai ake kiransa, lokacin rajista. Na lura (lura kam ita ce sana'ata) cewa shekara guda cur ban ji shi daga bakin kowa ba.

Da aka sa ranar baje kolin kimiyya, Malama ta ce ni zan yi fuskar wata, don hannuna ba ya rawa. Na ari babban farantin Inna, na zuba yashi, na tankaɗe toka da rariya a kai, na hau turmi ina sakin tsakuwa ɗaya-ɗaya. Na yi tutoci da tsinken tsintsiya da takarda, na kwafi sunaye daga hoton Malama. Can a gefe wani ɗan rami ya fito zagaye tsaf, ya fi kowanne kyau. Na daɗe ina kallonsa. Sai na rubuta Murjanatu da ƙananan haruffa na kafa masa. A tunanina babu wanda zai lura, kowa zai tafi kallon fankar kwali ta 'yan aji uku.

Ranar ta zo. Inna tana cikin mata a kan tabarma ƙarƙashin rumfa. Babban baƙo wani malamin kimiyya ne da aka gayyato daga Bici, dogo, mai tabarau da farar babbar riga, yana bin tebur-tebur da makirufo a hannu. Da ya iso kaina sai ya sunkuya ya shiga karanta tutocin ɗaya bayan ɗaya. Ashe shi ma mai lura ne.

"Ikon Allah! Murjanatu? Akwai rami mai wannan sunan, 'yata?"

Nan ne ya kamata in ce a'a. Kalma ɗaya ce. Amma sai kaina ya yanke hukunci shi kaɗai, ya gyaɗa.

Bawan Allah nan ya miƙe cike da murna. "Jama'a, ku ji abin alfahari! Na daɗe ina koyar da wannan fanni, yau yarinya ta koya mini. Akwai rami a duniyar wata mai suna Murjanatu! Murjanatu fa, irin sunan 'ya'yanmu!" Sau uku ya faɗa, a lasifikar da har masu noma a bayan makaranta suna ji. Aka ɗauki tafi. Na saci kallon rumfa. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana kallon tabarma, matan unguwarmu da ke gefenta kuma hannayensu sun tsaya, ba sa tafin.

"Bari in nemo muku hotonsa," ya ce, ya zaro waya. Ya latsa, ya gyara tabarau, ya sake latsawa. "A wane littafi kika gani?"

Malama Binta ta matso, ta dubi tutar, ta dube ni. Sai Hansai, maƙwabciyarmu da ke tebur na gaba, wadda magana ba ta taɓa kwana a cikinta ba, ta ce, "Malam, ai sunan yayarta ne. Wadda ta rasu bara." Makirufo ya ɗauka tas.

Hawayena suka fara ɗiga cikin tokar, kowane ɗigo ya yi ɗan raminsa, zagaye, baki a tashe, daidai yadda Malama ta bayyana. (A wannan halin ma sai da na lura.) Na goge fuska da hannu mai toka, na koma kamar wadda ta fito daga murhu. Na juya zan gudu, hijabina ya ja bakin farantin, duniyar wata gaba ɗaya ta kife a kan farar rigar baƙo. Bai ko kakkaɓe ba. Ya sauke makirufo ya ce, "Allah ya jiƙanta." Na ji amin ɗin tana bin rumfa a hankali.

A hanyar gida Inna tana gaba da farantin a ka, ina baya, gero ya rufe mu dama da hagu. Ina ta jiran faɗa. Da muka kusa gida, la'asar sakaliya, wata ya riga ya fito fari-fari a gabas. Ta tsaya.

"Da gaske can ruwa ba ya shafe rami?"

"Da gaske ne, Inna. Wannan Malama ce ta faɗa, ba ni ba."

Na ga bakinta ya ɗan motsa kamar za ta yi murmushi. "To su wa ke raɗa sunan?"

"Wasu masana ne a ƙasashen waje. Sai sun zauna sun yarda."

"Ai ba su san ta ba," ta ce. Ta kwance bakin mayafinta, sai ga 'yar tutar nan, duk toka. Ban ga lokacin da ta tsince ta ba. Inna ba ta yi boko ba. Ta miƙo mini. "Nan aka rubuta?"

Na ce e. Ta daɗe tana kallon haruffan, ta shafa su da yatsa, ta mayar ta ƙulle.

Har na gama makarantar "Mai Rami" ake ce mini, kuma na cancanta. Na dai koyi darasi: in za ki yi ƙarya a kan duniyar wata, ki fara tabbatarwa baƙon ba shi da waya a aljihu. Ramin Yaya ba ya cikin taswirar kowa, Inna kuma har yau ba ta faɗi sunan ba. Amma takardar tana ƙasan akwatinta, a naɗe cikin leda, inda ruwa ba ya kaiwa.