Kanwa a Tankin Dakta

Wani ne ya samu aikin shara a ɗakin bincike. Mutum ne mai tausayin tsiya. Ko kyankyaso ya gani ya kife, sai ya tsaya ya juya shi, ya yi masa sannu.

A ɗakin akwai tankunan gilashi biyu. Cikinsu Dakta, matar da ke binciken, take renon 'ya'yan wata halitta da ake kira kokwambar teku. Uwar ba ido ba ƙafa, tana kwance kamar jiƙaƙƙiyar safa. 'Ya'yan kuwa sai a madubin ƙara girma ake ganinsu.

Wata rana Dakta ta bar shi ya leƙa madubin. Na tankin dama ɓul-ɓul da su. Na hagu duk sun tsumbure.

Ya ce, "Dakta, waɗannan ba su da lafiya ne?"

Ta ce, "Ruwansu ne da tsami. Teku tana shan hayaƙin motoci da na masana'antu, tana ƙara tsami. In ta yi tsami, girmansu sai ya yi nawa, ƙasusuwansu ma ba sa haɗuwa da kyau."

Ranar ko abinci bai ci ba. Ya tambayi matarsa, "Wai in miya ta yi tsami, ya kike yi?"

Ta ce, "Kanwa mana. Yau kuma girki za ka koya?"

Washegari da sassafe ya jefa ɗan gutsuren kanwa a tankin hagu, ya ce, "Ku sha, 'yan marayu."

Dakta ta zo ta auna, ba tsami. Ta ƙara tsamin. Gari na wayewa shi ma ya ƙara kanwa. Ta ce na'urar awo ta lalace, aka kawo sabuwa. Ita ma aka ce ta lalace. Mai gyara ya sha faɗa har ya fara zuwa aiki da takardar barin aiki a aljihu. A gida kuwa matar ta rantse akwai ɓeran da ba ya cin komai sai kanwa.

Bayan wata uku, 'yan hagu suka yi ƙiba har suka fi na dama. Dakta ta kira babban oga, ta ce ta gano abin da ya saɓa wa duk masanan duniya: tsami ƙara musu lafiya yake yi. Oga ya ce gobe a tara 'yan jarida.

Mutumin naka ya ga za a ci guminsa a gabansa. Ya jingine tsintsiya, ya zaro ƙullin kanwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba don in yi gori ba, amma in za a ɗauki hoto, a sa ni a tsakiya."

Ya zayyana komai, har da ranakun da ya ninka.

Dakta ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce, "Bawan Allah, da gangan nake sa tsamin nan, don a ga abin da zai faru a teku. Aikin wata uku ka kashe min. Fita, kada in sake ganinka."

Ya kai bakin ƙofa, ya juyo.

"Zan tafi, Dakta. Amma ki gaya wa masu tekun su bar wahalar da marayu. Su auno min faɗinta kawai, in tambayi uwar yarana ƙulli nawa tekun za ta ci."