Motar da Ke Jiran Almakashi

Da sanyin safiya Lantana mai markaɗe ta buɗe shago, ta tarar an kwance mata inji, sai kusoshi huɗu a ƙasa. Kafin hantsi labari ya iso mata: wani ɗan acaɓa ya hango shi a rumfar masu gyara ta kasuwar ƙauyen gaba, ana shafa masa sabon fenti. In kasuwa ta tashi da yamma, shi ke nan, ya tafi. Ta ƙara ɗaure zani ta nufi ofishin 'yan sanda da ƙarfin gwiwarta, don ko wata ba a yi ba da 'yan kasuwa suka yi karo-karo suka saya musu motar sintiri, har da kuɗin mai. Ita ma ba a tsallake ta ba.

Ga motar nan kuwa a harabar ofis, sabuwa dal, an ɗaura mata jan ƙyalle da balan-balan, kurata biyu na goge ta.

Sajan Mamuda ya saurare ta yana sakace. Sannan ya gyara hula, ya ɗauko muryar nan tasa ta hanci da yake ajiye wa manyan mutane, ya ce motar ba ta motsawa sai babban baƙo ya zo daga birni ya yanke ƙyalle ran Alhamis. Ta tambayi ina tsohuwar motarsu. Ya nuna mata da tsinken sakace, tana kan duwatsu, kaza na kwanci a kujerar direba. Ta ce to a ɗura man a babur mana.

“Wane mai kuma, Baba? An kama rumfa da kujeru, an sayi shinkafa da raguna biyu, ga masu kiɗa. So kike baƙi su zauna a rana, a koma birni a ce garinmu ba tsaro?”

“Yallaɓai, da injin nan nake ciyar da yara biyar.”

Ya jinjina kai cikin tausayi, ya jawo aljihun tebur, ya miƙo mata katin gayyata. “Ki zo da wuri, ki samu kujera.”

Lantana ta juya katin gaba da baya.

“Ƙaro min ɗaya in kai wa ɓarawon. In ya zo cin shinkafa sai ku kama shi, bayan kun wanke hannu.”